Na Je Kallon Gaurakin Wasu

Da a ce wani ya taɓa gaya mini cewa wata rana zan tashi da ƙarfe huɗu na dare, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a buta, in yi tafiyar fiye da kilomita ɗari don kawai in kalli tsuntsu, da na ce masa ya nemi abokin wasansa. Ni ɗan fadama ne, an haife ni a wani ƙauye da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, kuma a inda na tashi tsuntsu ɗayan biyu ne, ko dai nama ko kuwa maɓarnaci. Yaron da ya wuni a kan rumfar tsaron gero, yana kaɗa gwangwani yana ihu har muryarsa ta dishe, ba shi da lokacin ganin kyan jan-baki. To amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ga shi kuwa da furfurata na yi wannan tafiya, har ma na zauna ina ba da labarinta.

Abin da ya kai ni ƙasar Amurka shi ne ziyarar ɗana na fari, wanda al'ada ba ta bar ni in kama sunansa ba. Yana karatun ilimin ruwa ne a Jami'ar Arizona da ke birnin Tucson, wanda mutanen wurin ke furtawa Tusan. Na sauka wurinsa a ƙarshen shekarar 2023, kuma bayan mako uku zaman ɗaki ya fara gundurata, domin shi kullum yana makaranta, ni kuwa daga talabijin sai leƙen taga. Ran nan da daddare sai ya ce, "Baba, ranar Asabar akwai wani biki da ake yi a wani ɗan gari da ke gabas da nan. Ina so in kai ka." Na tambaye shi ko bikin aure ne ko na naɗin sarauta. Ya yi murmushi ya ce bikin tsuntsaye ne. Na ce to, a raina kuwa ina cewa lalle idan ciki ya cika babu abin da ɗan Adam ba zai ƙirƙiro ba.

Sunan garin Willcox, sunan bikin kuma Wings Over Willcox, wato fukafukai a saman Willcox. Tun cikin shekarun 1990 ake yin sa a tsakiyar watan Janairu. Mun bar Tucson gari bai waye ba, muka kama babbar hanya mai lamba 10 muka nufi gabas, tafiyar kimanin kilomita 130. Muka wuce garin Benson, hanya ta yi ta hawa da mu, har muka iso wani wurin hutawar matafiya da ke tsakiyar wasu manyan duwatsu masu kama da an ɗora su da hannu. A nan muka yi sallar Asuba. Ruwan alwala ya sa yatsuna suka ƙage, har na kasa ɓalle maɓallin rigata sai da yaron ya taimake ni. Hamada ce, amma tana kan tudu, tsayin wurin ya haura mita dubu daga gaɓar teku, saboda haka sanyinta na hunturu ya ninka na Jos.

Da muka isa, aka haɗa mu da waɗansu mutane kimanin ashirin, mafi yawansu dattawa, kowa ya naɗe kamar gammo, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya. Aka kwashe mu a mota zuwa kusa da wani makeken busasshen tafki da ake kira Willcox Playa, wanda faɗinsa ya fi kilomita goma. Jagoranmu ya ce dubban shekaru da suka wuce babban tafki ne cike da ruwa, yanzu kuwa sai farar ƙasa mai kanwa da ɗan ruwa jefi-jefi. Ya roƙe mu mu yi shiru. Muka tsaya cirko-cirko cikin duhu, ina ta zargin kaina da biye wa yaro.

Can sai na ji wani sauti daga nesa, kamar yara na jan sanda a jikin kwanon rufi, amma da zurfi da amo. Ɗaya ya fara, goma suka amsa, kafin ka ce kwabo sararin duk ya ɗauka. Gabas ta yi ja a bayan duwatsu, sai ga su sun tashi, layi bayan layi, wuya a miƙe gaba, ƙafafu a miƙe baya, suna ratsawa ta samanmu har ana jin motsin fukafukansu. Na yi ƙoƙarin ƙirga layi ɗaya na kai arba'in da wani abu, lissafi ya ɓace mini. An fi rabin sa'a suna wucewa. Babu wanda ya yi magana, sai ni da na ji bakina yana ta maimaita tasbihi ban sani ba.

Mai karatu, gauraki ne. Ba irin namu ba ne, amma duk wanda ya taɓa ganin tafiyar gauraka ba zai kasa gane danginsa ba. Waɗannan launin toka gare su, da ɗan jan tabo a goshi, ba su da tukkun zinariyar nan irin na namu. Tsayinsu ya kai mita guda ko fiye, kuma idan suka buɗe fukafukai sukan kusa mita biyu. Turawa na kiransu sandhill crane, ma'ana gaurakan tudun rairayi. Jagoran ya bayyana mana cewa suna fara isowa kwarin ne a watan Oktoba, su koma arewa wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, kuma dubun-dubatarsu ne ke cin hunturu a nan. Wasu daga jihohin arewacin Amurka suke zuwa, wasu daga Kanada da Alaska, wasu ma har daga Sibiriya ta ƙasar Rasha. Da dare a tsaye suke kwana cikin ruwa marar zurfi, domin idan dilan ƙasar ya taho za su ji motsinsa a ruwa. Da asuba su tafi gonakin masara da aka girbe su yi kala, da hantsi su komo bakin ruwa. Mace da namiji kan zauna tare shekara da shekaru, kuma ɗan da suka ƙyanƙyashe da bazara yakan biyo su wannan doguwar tafiya, ta haka yake koyon hanya. Amon muryar kuwa, in ji shi, daga maƙogwaro yake, domin dogo ne ƙwarai har ya naɗe cikin ƙashin ƙirji kamar kakaki da aka lanƙwasa.

Daga nan muka koma cikin gari. Willcox ɗan ƙaramin gari ne, mutanensa ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. An kafa shi a 1880 lokacin da layin dogo ya ratso wurin, ya kuma yi suna wajen lodin shanu a jirgin ƙasa, abin da ya tuna mini da Nguru ta zamanin ƙuruciyata. A babban zauren taron garin aka shirya rumfuna, masu sayar da littattafai da zane-zane, da ma'aikatan gandun daji, da masu jinyar namun dajin da suka ji rauni. A wata rumfa na tarar da layin mutane, na leƙa don in ga abin da ake rububi, sai na ga mujiya ce zaune a hannun wata mata, yara na ɗaukar hoto da ita. Na ja da baya ina neman tsari. Yaron ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Baba, ita ce ke cinye musu ɓeraye a gona." Na ce ko da buhun zinariya take kawowa, ni dai a kai kasuwa.

A wannan zaure ne aka yi mini tambayar da ta ɓata mini lissafi. Muna shan shayi sai wata dattijuwa da muka tsaya tare da asuba ta matso, ta ga hulata, ta tambayi daga ina nake. Da na ce Nijeriya sai fuskarta ta washe. Ta zaro wani littafi daga jaka, ta buɗe wani shafi ta miƙo mini. Sai ga gaurakanmu tsaye, da baƙin jikinsa da farin fiffike, da kumatu fari da ja, da tukkun nan kamar an soka tsintsiyar zinariya. Ta ce a duniya gauraki iri goma sha biyar ne, ta ga wasu da idonta, amma wannan a takarda kawai ta san shi, kuma ta karanta cewa shi ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasarmu. Sannan ta ce, "Yanzu kamar guda nawa suka rage a wajenku? Yaushe rabonka da ganinsa?"

Na buɗe baki in amsa, sai na ga babu abin faɗa. Na laluba shekarun aikina, da na karatuna, da duk zuwan da nake yi gida da Sallah, ban tuna ranar da na ga gauraka a daji ba tun ina makarantar sakandare. Abin da ya fi damuna shi ne ban ma taɓa lura cewa ba na ganinsa ba. Na ce mata an daɗe. Ta gyaɗa kai, ta nuna mini wani ɗan littafinta da ya tsufa, wanda a ciki take rubuta kowane tsuntsu da ta gani, da rana da wuri da adadi. Ta ce su ma ba da wayo suka fara ba. Akwai wata irin kurciya da a da garkenta kan rufe rana a ƙasarsu, aka yi ta harbi ana lodawa a jirgin ƙasa, har ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Akwai kuma wani farin gauraka, mafi tsayi a tsuntsayen ƙasar, wanda a 1941 bai fi guda ashirin da 'yan kai ba a daji, amma da aka tashi tsaye yanzu sun haura ɗari takwas har da waɗanda ke hannun masu kiwo. Tun shekarar 1900 wani masani mai suna Frank Chapman ya ba da shawarar a bar gasar harbin tsuntsaye da ake yi ranar Kirsimeti a koma ƙirga su, kuma har yau ana wannan ƙidaya kowace shekara. Gaurakin da muka gani da asuba ma, hukumar kula da namun daji ta jihar na ƙirga su duk hunturu.

Tana magana, ni kuwa hankalina ya tafi damina ta 1976. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, fadamarmu ta cika ta batse, kirinjijiya da dinya da zalɓe ko'ina, gauraki kuwa garke-garke. Da magariba sukan hau manyan itatuwan bakin ruwa su kwana, abin da waɗannan na Amurka ba sa iyawa. Mun sha laɓewa muna kallon rawarsu, su buɗe fukafukai su yi tsalle su rusuna wa juna kamar fadawa. Wata rana ina neman saniyarmu da ta ɓace sai na ci karo da sheƙarsu a cikin ciyawa, da 'ya'ya biyu masu launin ƙasa. Ba a yi kwana uku ba wani baƙo ya sauka garinmu yana cigiyar 'ya'yan gauraka, wai masu kuɗi a birni na son su don ado a tsakar gida. Ni na kai shi. Ya ba ni naira ɗaya, kuɗin da ban taɓa riƙe irinsa ba. Iyayen suka yi ta kewaya wurin suna kuka har kwana biyu, kakata ta ji, ta tambayi abin da ya sami gauraki. Na yi shiru. Na sayi ƙuli-ƙuli da alewa da wata 'yar wuƙa, na manta da zancen, ko kuma in ce na zaci na manta.

Ba ina cewa naira ɗayata ce ta kore gauraka daga ƙasar Hausa ba. Dalilan suna da yawa, kuma daga baya na bi na karanta su. An yi fari mai tsanani a 1973, aka sake wani a 1984. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu ƙwarai, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Jama'a ta ƙaru, noma ya ci wuraren da tsuntsun ke yin sheƙa, aka sare itatuwan da yake kwana. Ga kuma masu kamawa suna sayarwa, a gida da ƙetare. Masana sun rubuta cewa a farkon shekarun 1970 dubbai ne a Nijeriya, amma kafin ƙarshen ƙarnin sai 'yan tsiraru, wanda yake son ganin garke sai ya tafi Chadi ko arewacin Kamaru. Har taron ƙasa da ƙasa an yi a Kano a 1992 a kan makomarsa. Lokacin ina aiki, ina karanta jarida kullum, amma ban san an yi ba. Duk da haka, a cikin dalilan nan akwai guda ɗaya da ya ratsa ta tafin hannuna, kuma shi ne ya hana ni ƙarasa shayina a Willcox.

Wajen ƙarfe goma muka ɗauki motarmu muka nufi kudu, zuwa wani wuri da ake kira Whitewater Draw, inda aka ce gaurakin kan taru da rana. Tafiyar kimanin sa'a guda ce ta tsakiyar gonaki. A nan yaron ya karɓi magana, don an zo fagensa. Ya nuna mini gonakin masara masu da'ira da injin ban-ruwa ke kewayawa, da lambunan itatuwa masu layi-layi iya ganinka, da wuraren kiwon shanun madara. Ya ce duk wannan kore da ruwan ƙarƙashin ƙasa ake yin sa, domin babu wani babban kogi a kwarin. Jihar ta yi dokar taƙaita jan ruwan ƙasa tun 1980, amma dokar ba ta haɗa da yankin Willcox ba, don haka mai ƙarfi ya yi ta haƙa rijiya mai zurfin ɗaruruwan mitoci, rijiyoyin ƙananan gidaje suka riƙa ƙafewa. Ƙasa ta fara lotsawa tana tsagewa, har na ga allon gargaɗi a bakin hanya da idona. A 2022 aka ba mutanen yankin zaɓi ko a sa wa jan ruwan linzami, mafi yawa suka ƙi. Sai bayan na dawo gida, a watan Disamba na 2024, ya aiko mini da labarin cewa gwamnatin jihar ta sa yankin ƙarƙashin dokar.

Na ce masa, "Ashe su ma da nasu ciwon." Ya ce, "Sosai ma, Baba. Abin mamakin shi ne masarar da gaurakin ke kala ita ce ke shanye ruwan da suke kwana a ciki." Na yi ta juya wannan magana. Waɗannan mutane ba waliyyai ba ne, kwaɗayin da ya sa ni karɓar naira shi ne ke haƙa rijiyoyinsu. Abin da suka fi mu da shi ɗaya ne, sun san zurfin ruwansu na bara da na bana, sun san adadin tsuntsayensu, saboda haka idan abu ya fara raguwa akwai mai tashi a taro ya buɗe littafi ya yi gardama. Mu kuwa namu ya tafi babu wanda ya rubuta ranar.

Mun isa Whitewater Draw rana ta ɗaga. Fili ne shimfiɗaɗɗe da ruwa kwance, duwatsu sun kewaye shi daga nesa, an yi 'yan dandamali na katako don masu kallo. Gaurakin suka fara dawowa daga kiwo, da farko kamar ɗigon tawada a sama, sannan su yi ta kewayawa suna saukowa, su saki ƙafafu kamar mai sauka daga kan rumbu. Kafin azahar bakin ruwan ya zama toka-toka iya ganin ido, da wasu fararen dinyoyi a tsakaninsu. Yaron ya miƙo mini madubin. Na ga wasu uku sun ware gefe, biyu masu jan goshi, ɗaya babu, wato uwa da uba da ɗansu na bana. Na daɗe a kansu.

Muna zaune a kan benci muna cin burodi da dafaffen ƙwai, sai ya ce, "Baba, wai namu yaya kukansa yake?" A Legas aka haife shi, a nan ya girma, bai taɓa ganin gauraka ba ko a gidan namun daji. Na ce ba irin wannan ba ne, namu gajere ne, kamar busar ƙaho. Ya ce in gwada masa. Na duba hagu da dama, na gyara murya, na yi. Abin da ya fito ya fi kama da kukan agwagwar da mura ta kama, har wani Bature da ke kusa ya waiwayo da madubinsa yana neman sabon tsuntsu. Muka yi dariya har hawaye. Da dariyar ta lafa sai na ba shi labarin naira ɗaya, wanda ban taɓa ba kowa ba, har mahaifiyarsa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Allah Ya yafe mana, Baba. Ai yaro ne kai a lokacin." Na ce haka ne, amma shekara arba'in da ta biyo baya ba yaro ba ne ni, kuma ko sau ɗaya ban tambayi inda suka tafi ba.

Mun koma Tucson bayan Isha'i. Washegari da safe na kira yayana da ke ƙauye, wanda bai taɓa barin fadama ba. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, yaushe rabonka da ganin gauraka?" Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Kai, ka tuna mini. Ina jin tun farin nan na zamanin Buhari na soja." Ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, tambaya ce kawai.

Kafin in baro ƙasar na sayi madubin hangen nesa na hannu da ɗan littafi mai bangon fata. Da na je gida da Babbar Sallah ta 2024, na tara jikokin Yaya muka tafi bakin fadama da sassafe, mutanen gari na kallonmu suna zaton ko Amurka ta taɓa mini kai. Mun rubuta balbela da zalɓe da kirinjijiya da shamuwa, kowanne da adadinsa da kwanan wata, yaran na rige-rigen riƙe madubin. Na bar musu littafin da madubin, da sharaɗin duk Juma'a a fita a rubuta. A shafin farko na sa babbar cikinsu ta rubuta sunan gauraka, na kwatanta musu kamanninsa dalla-dalla, na ce duk wanda ya gan shi kada ya gaya wa baƙo, ya sa a kira ni ko da tsakar dare ne. Har yanzu ba a kira ba. Allah Ya sa muna da rabon sake jin kukansa.